Ɓarawon da Ya Tsaya Gyaran Lagwani

Ƙarfe takwas na safiyar Asabar aka buɗe ɗakin taron garin Maldon, aka tarar da fitilu talatin da ɗaya a kan tebur, alhali jiya talatin da biyu aka jera domin baje kolinsu. Wadda ta ɓata kuwa ita ce uwarsu: ta tagulla, ƙirar Ingila, mai lagwani biyu, ta girmi kakan kowa a wurin.

Mai ita, Desmond Pascoe, shugaban ƙungiyar masu tara tsofaffin fitilun kananzir, sai safa da marwa yake yi kamar kaza za ta yi ƙwai.

"Saje, wane bincike kuma? Narelle ke shara, tana da makulli. Kafin a buɗe wa jama'a ƙofa da sha biyu, ina so ta bar aikin nan."

Narelle Quill na tsaye riƙe da tsintsiya. Shekara goma sha tara tana share ɗakin. A ƙaramin gari irin namu kuwa, wanda aka kira ɓarawo sau ɗaya, sunan ya bi shi ke nan.

Saje Bronwyn Tregear, 'yar sandar garin, ta shiga aikinta. Ta zagaya teburin sau biyu, tana duban agogo. A gurbin fitilar akwai kwalba cike da kananzir, an rufe ta gam. Fitilar da ke kusa kuma an datse mata lagwani, an sassaƙe kusurwoyinsa biyu, ga ɓurɓushin baƙi an tara a faranti.

"Makulli nawa ne?"

"Uku," in ji Desmond. "Akwai uku kacal. Nata, da na Clive dillali, da na Merle sakatariyarmu. Su biyun mutanen kirki ne."

"Narelle, juye min kananzir ɗin waccan."

Narelle ta cafko fitilar ta wajen gilashi. Ɗakin ya ɗauki ihu.

"Kin gani ko?" in ji Narelle. "Ko goge su an hana ni. Wai dattin ne darajarsu."

Saje ta sami Clive Hocking a waje yana sauke kwalaye.

"Rabonka da kunna fitila?"

"Kunnawa? Haba Saje! Ni sayarwa nake yi. Wa zai sayi mai tabon hayaƙi?"

Ta leƙa kwalayen. Lagwanansa duk sababbi ne dal, almakashi bai taɓa su ba. Ta komo ciki da sauri, sha ɗaya ta wuce.

"Desmond, wannan ta kusa, ta wa ce?"

"Tawa."

"Kai ka gyara mata lagwani?"

"Ina! Jiya ma hayaƙi ta yi ta yi, Merle ta ishe ni da mita, wai ina yanka lagwani kamar mahauci..." Sai ya juya yana kallon fitilun Merle.

Saje ta bi fitilun Merle guda bakwai, ɗaya bayan ɗaya. Kowane lagwani an sassaƙe masa kusurwa biyu.

Merle Opie, tsohuwar nas, tana kicin tana haɗa wa 'yan ƙungiya shayi.

"Ara min almakashinki, Merle."

Hannunta ya tafi aljihu tun kafin ta yi tunani. Bakin almakashin duk baƙin hayaƙi ne.

"Ɓarawo sunkuta yake yi ya arce," in ji Saje. "Wannan ya juye mai don kada ya ɓata tagulla, ya rufe kwalba, sannan ya ga lagwanin wani a karkace ya kasa haƙuri. Narelle ba ta iya ba, Clive bai damu ba. Fitilar tana ina?"

Merle ta ajiye buta. "Bayan motata, cikin bargo. Da sassafe na ɗauke ta. Huda ta Desmond zai yi, Bronwyn! Ranar Litinin zai kai a huda mata gindi, a zura waya, a sa ƙwan lantarki, wai jikarsa na son ta a gefen gado. Shekara ɗari da arba'in ba ko kwarzane!"

Aka shigo da fitilar. 'Yan ƙungiya suka yi mata caa, suna duba ko ta lotsa, wasu na hararar Desmond. Abin takaici, babu wanda ya waiwayi Narelle.

Can Desmond ya tuna da ita. "To, Narelle, sai haƙuri. Ci gaba da shararki."

Narelle ba ta ko dube shi ba. Merle take kallo.

"Awa uku ana kirana ɓarauniya, kina ji, kina dafa shayi. Ni na kwana da ke a asibiti ranar da mijinki ya rasu. Amma tagulla kika tausaya wa."



Narelle ta jingine tsintsiya, ta ciro makulli ta ajiye a gindin fitilar.

"Ga shi nan. Fitilar sai ta share muku."