Waliyyin Da Bai Buɗe Saƙo Ba

Ranar Juma'a da la'asar Lamis da mahaifiyarta suna kicin, suna naɗe shinkafa da nama a ganyen inabi, sai aka banko ƙofar gida har taga ta amsa. Wisam ne, yayan Lamis. Da takalman aikinsa duk siminti ya tako kafet ɗin da Mama ba ta bari ko liman ya taka da takalmi. Bai yi sallama ba. Ya nufo Lamis kai tsaye ya kifa mata mari, tiren ganyen ya watse a ƙasa.

"Wane ne Firoz?"

Kunnenta yana ƙara, ta dafe kuncinta. Shi ya ci gaba da zuba, kumfa a baki. Wai yana fitowa daga masallaci abokan aikinsa masu shimfiɗa tayil suka kewaye shi da dariya, suna cewa ashe ya ba ɗan Fiji ƙanwarsa ko kofi bai kira su sun sha ba. Ɗaya ya miƙo masa waya, sai ga shi rubuce ɓaro-ɓaro a Majlisna: Lamis Darwish da Firoz Hanif, an tsaida magana, da sanin waliyyi.

Duk Musulmin da ke yammacin Sydney ya san Majlisna. Shafi ne da wasu matasan masallatanmu suka buɗe, nan ake sanar da jana'iza da ɗakin haya da gurbin aiki, har wadda kyanwarta ta ɓata nan take kuka. Akwai kuma sashen neman aure, mai doka ɗaya: mace ba ta shiga sai ta sa waliyyinta, kuma duk saƙon da ya shiga tsakaninta da namiji, kwafinsa na faɗawa wayar waliyyin. In an yi wata uku bai hana ba, su biyun kuma suka amince, shafin da kansa yake sanarwa, don kada wani ya shigo nema cikin nema.

Tun rasuwar mahaifinsu Wisam ne waliyyin Lamis. Yana ɗan shekara goma sha shida ya bar makaranta ya durƙusa kan tayil, da gwiwoyinsa ta yi karatun jinya. Wata biyar da suka wuce ta miƙa masa wayarsa yana kallon wasan rugbi, ta ce ya danna nan, ba ta gaya masa waliccinta a shafin yake karɓa ba, ya danna idonsa na kan talabijin. Ta kuma san tun bara ya kashe ƙarar shafin, wai sanarwar jana'iza ta ishe shi. Ba zan wanke ta ba, ta san sarai ba ya karantawa. Tsoro ne ya riƙe bakinta, don ya sha faɗa a kan tebur cewa ƙanwarsa sai ɗan Labanan irinsu, wanda aka san kakansa.

Shi kuwa Firoz, direban bas ne, iyayensa daga garin Lautoka na ƙasar Fiji suka zo. Bai taɓa rubuta mata layi ɗaya ba sai ya fara da gaida Yaya Wisam da neman izininsa. Sau uku yana roƙon a ba shi rana ya zo gaisuwa, sau uku Lamis tana cewa Yaya aiki ya yi masa yawa, amma yana gani. Wannan ladabin nasa ne ya sa ta ƙaunace shi, da shi kuma ta yaudare shi.

"Yaya, kai ka danna," ta ce da hannu a kunci. "Komai yana cikin wayarka."

Ya ɗauka raini ne. Ya fizgi wayarta daga kan tebur ya maka ta jikin firji ta tarwatse, ya damƙi wuyan rigarta ya haɗa ta da bango. Mama ta riƙe shi ta baya tana haɗa shi da Allah da darajar ubansa da ke kabari. Ya girgiza kafaɗa don ya ƙwace, tsohuwa ta tafi taga-taga ta buga goshi a bakin murhu. Jini ya sauko mata ta gira. Wisam ya tsaya cak yana kallo, Lamis ta zaci kunya za ta kama shi. Ina! Mai fushi ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Ya ce duk ɗan iskan nan ne ya jawo, ya suri makullin motarsa ya fice. Shafin ya riga ya nuna masa tashar da Firoz yake ajiye bas.

Lamis ta ɗaure wa Mama goshi da tawul. Mama ta ture ta, ta jefa mata makullin tata motar, ta ce ta bi shi kafin ya yi kisan kai. A kowace danja Lamis tana kiran Firoz da wayar Mama, amma direba ba ya taɓa waya sai ya tashi aiki.

Ƙarfe biyar da 'yan mintuna ta iso, motoci suka tsare ta a ɗaya hannun titin. Daga nan ta hango Wisam tsaye a bakin ƙofar tashar, gudumar roba da yake daidaita tayil da ita a ɓoye bayan cinyarsa. Ta kuma hango Firoz ya fito da jakar abincinsa. Ya san fuskar Wisam, wata biyar yana ganin hotonsa a saman kowane saƙo. Sai fuskarsa ta washe. Ya ajiye jakar, ya gyara rigarsa, ya taho da hannu biyu a miƙe.

"Yaya Wisam, ashe yau Allah ya yi."

Gudumar ta same shi a muƙamuƙi. Har tsallaken titi Lamis ta ji ƙarar, kamar an fasa kwakwa. Ya faɗi kan gwiwoyinsa, Wisam ya ƙara masa, sannan ya bi shi da takalmin aiki a haƙarƙari, yana zagin uwarsa da ubansa da tsibirin da suka fito. Firoz bai ɗaga hannu ya rama ba. Ko kare fuskarsa bai yi ba da farko, kallon mamaki kawai yake yi. Lamis ta bar motar a buɗe ta ratsa titi ana ta danna mata hon, ta faɗa kan Firoz, duka ɗaya ya same ta a baya har numfashinta ya ɗauke. Sai da wani ƙaton direba ɗan tsibirin Tonga ya rungumo Wisam ya kai shi ƙasa ya zauna a kansa, sannan abin ya tsaya. Haƙora uku ta tsinta a kan kwalta, ta riƙe su a tafin hannu ba ta san me za ta yi da su ba.

Muƙamuƙin ya karye wuri biyu. Likitoci suka ɗaure wa Firoz baki da wayar ƙarfe, sati shida ba magana, ba tauna. A barandar asibiti mahaifiyarsa Zubeda ta tare Lamis, 'yar gajeriyar mata, idanunta sun kumbura. Ta ce kullum ɗanta yana nuna mata wayarsa yana alfahari, wai ya sami gidan mutunci, surukinsa na karanta komai bai taɓa tsawata masa ba.

"Ki dube ni. Kin san bai karanta ba?"

Lamis ta ce ta sani. Zubeda ta tsinka mata mari a kuncin da yayanta ya riga ya kumbura, ta ce muddin tana numfashi ba za ta haɗa jini da mahauta ba. A gida ma ba sauƙi. Dangi suka yi ta bugo waya suna cewa ta kai yayanta hannun 'yan sanda saboda namiji. Matan unguwa kuwa suka sami abin yi a Majlisna, har sai da masu shafin suka rufe wurin sharhi. Lamis ta rame, ta yi kuka har hawaye suka ƙare, don ta san rabin jinin da ya zuba a bakin tashar nan shirunta ne ya zubar da shi.

Kotu ta yanke wa Wisam aikin hidimar al'umma ba biya na wata da watanni, ta kuma kafa masa doka: shekara guda cur kada ya kusanci Firoz, kada ya aika masa ko kalma ɗaya, ta baki ko ta waya ko ta hannun wani. Ya dawo gida. Mama ta daina sa masa faranti a tebur. Wata safiya Lamis ta fito za ta aiki ta gan shi zaune cikin motarsa a ƙofar gida, kansa a sunkuye kan waya. Ta dawo da azahar yana nan. Saƙo ɗari huɗu da goma sha biyu ya karanta, kowanne da sunansa a sama, har da wanda Firoz ke tambaya wane irin zaƙi Mama take so ya kawo ranar gaisuwa.

Ya same ta a kicin, ya tsaya nesa da ita.

"Me ya hana ki faɗa mini da bakinki?"

"Hannunka ya fi kunnenka sauri, Yaya. Amma duk da haka da na faɗa. Da ni kaɗai ka daka."

Ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hannuwa. Tun jana'izar Baba ba ta ga kukansa ba.

Sati uku bayan dukan, sai saƙon Firoz ya shigo ta Majlisna, ya fara da gaida Yaya Wisam kamar kullum. Ya ce ransa ya ɓaci da Lamis ƙwarai, ba zai ɓoye ba, amma ya duba zuciyarsa bai ga ta fita ba. Ya ce liman ya gaya masa kawunta zai iya tsayawa waliyyi a ɗaura aure ko gobe, tunda doka ta nesanta Wisam. Shi bai yarda ba. Wanda ya raine ta shi zai ba shi ita, da hannunsa, kuma sai Ammi, wato mahaifiyarsa, ta sa albarka. Zai jira.

Haka aka shiga shekarar. Firoz yana rubutawa, Lamis tana amsawa, Wisam yana karanta kowane harafi ba shi da ikon cewa uffan. Lamis kuma ta kama hanyar gidan Zubeda a unguwar Liverpool ta nan Sydney da miyar wake da ta markaɗa ta tace, irin wadda mai ɗaurarren baki zai iya zuƙa. Sau uku Zubeda tana karɓa ta juye a kwata a gabanta. Ta huɗu ta ɗanɗana, ta yatsine fuska, ta ce ku Larabawa ba ku san yaji ba, da wannan ruwan wankin za ki kashe mini ɗa? Ta matsa daga bakin ƙofa ta ce ta shigo ta ga yadda ake yi. Ba ranar ta yafe ba, sai da aka kusa wata takwas, amma daga ranar Lamis ta daina komawa gida da kuka.

Sati ɗaya da cikar wa'adin kotu aka taru a masallacin unguwa. Liman ya ce waliyyi ya sa hannunsa cikin na ango. Sai a lokacin Wisam ya ga aikinsa kusa da kusa: haɓar Firoz ta ɗan karkace hagu, kuma haka za ta zauna har abada. Ya kama hannun Firoz sako-sako. Sau biyu liman yana maimaita masa kalmar da zai faɗa ya ba shi ita. Lamis tana bayan labule tsakanin Mama da Zubeda, tana kasa kunne.

"Riƙe da kyau, Yaya," Firoz ya ce a hankali, maganarsa na ɗan sassarƙewa. "Na daɗe ina miƙo maka hannun nan."

Wisam ya faɗi kalmar yana kuka, aka shafa fatiha.

Haƙurinsu ya biya su, yau suna da ɗiya ɗaya. Amma masu neman aure ta waya su ji da kyau: shafi yana iya kai saƙo wayar waliyyi, ba ya iya zama ya gaya masa ido da ido, wannan aikin bakinku ne. Masu saurin hannu kuma su sani ana yafe duka, ba a mayar da ƙashi yadda yake. Har yau Firoz ba ya iya tauna nama. Duk Juma'a in an haɗu cin abinci gidan Mama, Wisam ne yake jawo farantin Firoz ya yayyanka masa ƙanana, kansa a ƙasa.