Gajeriya da Taɓaryar Aro

Ke, rufe min baki! Sai da na samu na jingina bayana za ki ce hikaya? To, ku saurara, ni ba na maimaitawa.

Can da, a wani gari, an yi wata yarinya gajeriya. Ba abin da take so kamar ta shiga lugude, ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe. Kullum sai ta ari taɓaryar dogayen 'yan mata, kullum taɓaryar ta rinjaye ta, a yi ta dariya. Sai ta koma bayan rumbu tana sauraron amon turmi.

Da bikin yayarta ya matso, aka ce mata, "Ke dai aikinki korar kaji."

Ta yi salla, ta ce, "Ya Allah, Kai Ka yi ni haka, kuma ba Ka kuskure." Ta tafi wurin masassaƙi, ta ce, "Baba, auna ni, ka sassaƙa min taɓarya daidai tsayina."

Ranar dakan biki ta zo da sabuwar taɓaryarta. Ta yi bisimilla, ta cilla, ta tafa, ta cafe. Dogayen suka matsa mata wuri a bakin turmi.

Me kuke kallona? Ku tashi, kowa ya yi addu'a ya kwanta!