Faifan da Ya Ƙone

Shekarar da kuɗin mai suka sa aka yi ta gina makarantu har a ƙauyen da ba rijiya, Malam Lawwali yana koyarwa a Sheme, yana kuma shirin jarrabawar ƙarin girma. Ɗaki ɗaya gare su shi da amaryarsa Suwaibatu, gado a nan, teburin littattafai a can, taku uku tsakani. Ran kasuwa ya dawo da fitila mai famfo, irin wadda in ta kama ko allura ka yar sai ka gan ta.

Shi dai ya samu abin da yake so. Ita kuwa da an kunna bayan magariba sai kanta ya sara, warin kananzir ya tayar mata da zuciya. Cikin fari ne da ita, kunya ta hana ta faɗa. Sai ta jingina faifai jikin fitilar don ta kare gado, faifan ya kama, wutar ta lashi gefen littafi guda.

Da safe Goggo, ƙanwar mahaifinsa wadda ta raine shi, ta gani.

"Mi nike gani haka? Karatun nai kike baƙin ciki, kada shi zama babba shi hi ƙarhinki? Tattara ki tahi gidanku Ketare!"

Suwaibatu ta dubi mijinta, shi kuma ya dubi ƙasa. Wannan shirun ya fi maganar Goggo yi mata ciwo. Ta ɗauki ƙullinta ta tafi.

Sati uku fitila tana haske son ranta, Malam bai iya wuce shafi ɗaya ba. Ya hau keke ya nufi Ketare. Adama, yayar Suwaibatu, ce ta tare shi a zaure.

"Malam, kai da karatunka duka ba ka san mace mai ciki ba?"

Ya koma ya faɗa wa Goggo, ta kama baki, ta ce da kanta za ta je biko. Fitila mai famfo ta koma tsakar gida. Ya sayi ƙaramar fitilar ƙwai, maƙeri ya lanƙwasa masa gwangwani ya rufe gefenta, haske ya tsaya kan tebur, gado ya samu inuwa.

Suwaibatu ta dawo da mutuncinta, haƙurinta bai faɗi ƙasa ba. Amma mai gida ya sani, wanda ke kwana ɗaki ɗaya da kai ya cancanci a tambaye shi kafin a yanke masa hukunci.

"Wagga ta yi miki?" Malam ya tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

"Ta yi," in ji ta. "Ai ba hitilar ta kore ni ba, Malam. Ranar nan kana tsaye aka ce in tahi."