Fasinjojin Babur ɗin Marigayi

"Na ce maka hon ya yi, da kunnena na ji!"

"Babur ɗin da rabonsa da batir tun Baba na da rai? Haba Maman Auta, baƙunta ce ke damun ki."

"To tsakuwar da ke zuba a kan kwano fa? Ita ma baƙunta ce?"

Tela ya kawar da kai daga matarsa. Magariba ta riga ta shigo sabon gidan nasu, ta zauna a kowane lungu, ko kukan tsuntsu babu. A jikin bango babur ɗin mahaifinsa ke jingine, igiya na naɗe a wuyansa har yanzu.

Tun rasuwar tsohon yake ajiye a rumfar tsohon gida, ba mai hawa, ba mai taɓawa. Ranar tashi, Tela ya aro akori-kura, ya kwantar da babur a baya a kan haƙarƙarinsa, ya ɗaure shi da igiya guda, ya bubbuga sit cikin wasa ya ce, "To fasinjoji, a hau mu tafi." A hanya ya afka wa wani kwalbati da gudu, bayan motar ya yi sama ya dawo. 'Yarsa Auta, da ke leƙen gilashin baya, ta ce, "Baba, wani abu ya faɗi, yana kuka." Ya daka mata tsawa. Shi ma ya ji kukan, siriri kamar na ɗan mage, bai dai taka birki ba.

Abin da yake tunawa ke nan, lokacin da Inna, mahaifiyarsa, ta ce a hankali, "Ku dubi yarinyar nan."

Auta na kan babur, ta juya wa kansa baya, tana rarrashin hannayenta da babu kowa a ciki. Da uwarta ta taɓa ta, sai ta waiwayo da idanun da ba su san kowa ba.

Kafin duhu ya gama rufewa an zo da Malam. Ya zauna a tabarma ya fara karatu, bai ɗaga murya ba. Tsakuwa ta tsaya. Can ya ce, "Wa ke nan?"

"Mai gidan tankin babur ɗin nan," in ji wata tsohuwar murya daga bakin Auta. "Ni da 'ya'yana muna zaune lafiya, wancan mai almakashin ya ce mu hau. Muka hau. Ƙaramin ya suɓuce mini a kwalbati."

"Yarinya ba ta faɗa masa ba?"

Auta ta ɗaure fuska, ta turo baki, muryar Tela ta fito sak, har da kaurin hancinsa: "Ke, yi mini shiru ina tuƙi!"

Tela ya sunkuyar da kai. Matarsa ta dube shi, ta daɗe tana dubansa.

"Ya yar mini da nawa, na riƙe tasa," in ji muryar.

"Ke da kike keta gari kafin ƙiftawar ido, koma ki ɗauko abinki mana."

"Ta ina? A kwance aka kawo ni, ina kallon sama ina amai. Na san hanya ne?"

"Baiwar Allah," Malam ya ce, "duk cikin motar nan mutum ɗaya ce ta yi wa ɗanki magana. Ita kika kama."



"A mayar da ni," in ji muryar, ta yi sanyi. "A tsaye, ba a kwance ba. Igiya ta dama, igiya ta hagu. Ya bar mana babur a bakin kwalbatin. In ya wuce giya ɗaya a tuƙi, zan dawo."

"Na ɗauka," Tela ya ce. "Na ji kukan, wallahi na ji."

Auta ta yi atishawa, ta zame a jikin uwarta, ta ce ƙishirwa take ji.

Da safe ya tsayar da babur a bayan motar, ya ja igiyoyi har tafinsa ya yi ja. Inna ta zauna a gaba. Suna tafe kamar masu rakiyar gawa, masu keke na wuce su, direbobi na zagin sa, bai ƙara giya ba. A bakin kwalbati ya sauke babur ɗin mahaifinsa, ya kafe shi a ciyawa, ya tsaya a kansa da hula a hannu. Ciyawar ta ɗan motsa, alhali babu iska.

Ya dawo ya zauna, ya kasa tada mota.

"Inna, kina jin sun yafe mini?"

Inna ta dubi aljihunsa.

"Ka taho musu da makullin babur ɗin. Tura shi za su yi ta yi?"