Kukan Tsohuwar Ƙofa

Awon ƙofa ya kai Mahfuz gidan Malam Ɗayyabu a Jigwada, amma da Rumaisa, 'yar Malam, ta ɗaga labulen zaure sai lissafin ya gudu daga kansa. Sau uku yana auna faɗi ɗaya.

"Kafinta, tef ɗin ne ke ƙarya ko idonka?" ta ce tana danne dariya.

Ita ta kira shi. Gara ta cinye tsohuwar ƙofar gidansu, tana son sabuwa ta madaci mai gilashi a sama, ko haske ya shiga zauren da ya daɗe cikin duhu.

Suna tsaye iskar la'asar ta taso. Ƙofar ta buɗe da kanta, ta yi wani dogon kuka mai tayar da tsikar jiki. Daga cikin gida muryar dattijo ta amsa, "Sannu da dawowa, Hawwa."

Babu kowa a bakin ƙofa.

"Mahaifiyata ce yake nufi," Rumaisa ta ce a hankali. "Shekara huɗu da rasuwarta. Kullum a wannan lokacin take dawowa daga kasuwa."

Wata biyu Mahfuz ya kwashe a kan aikin. Bai buga ƙusa ko ɗaya ba, sai dai ya huda wannan katako ya zura wancan, ya bi da samfefa har yatsunsa suka yi kanta. Tsakanin zarto da zarto kuwa saƙonni na kai-komo.

"Hasken idona, yau na zaunar da gilashin. Na leƙa ciki ban ga kowa ba sai ke."

"Kafintana, ka rage zaƙin baki, kada ka yanke yatsa. Ina bukatarsu duka goma."

Ranar da aka kawo ƙofar, Malam Ɗayyabu ya ce ta yi duhu. Aka goge, ya ce gilashin ya yi faɗi. Da magabatan Mahfuz suka zo neman aure, ko tabarma ba a shimfiɗa musu ba.

"Yaron da ya kasa ƙofa ne zai riƙe mini 'ya?" in ji Malam.

Ana cikin haka sai ga Akram, ɗan ƙanwar Malam, daga Abuja da alƙawarin ƙofar ƙarfe, idonsa kuma a kan Rumaisa. Mahfuz ya ga motarsa a ƙofar gidan, kishi ya rufe shi, kwana biyar bai amsa saƙo ba. A na shida ta rubuto:

"Fushin me kake da ni? Baba ya kori Akram da ƙofarsa tun ranar. Kai ma ba kai yake ƙi ba. Tsoron shiru yake ji."

Kunya ta kama Mahfuz, tausayi ya biyo baya. Ya koma gidan da hantsi, ya durƙusa gaban dattijon.

"Baba, a ba ni tsofaffin ƙarafan da ƙofar ke rataye a kansu. Da su zan ɗaura sabuwar. Ba zan sa musu mai ba."

Kowane kafinta zai ce wannan ɓata aiki ne, a ɗora madaci mai nauyi a kan ƙarfe mai tsatsa. Mahfuz ya ƙara guda biyu sababbi su ɗauki nauyin, ya bar tsofaffin a wurinsu. Da ya tura ƙofar, kukan ya fito kamar yadda yake tun da.

Hawaye suka bi gemun Malam Ɗayyabu.

"Na san ba ita ba ce," ya ce. "Ni da hannuna na sa ta a kabari. Amma idan ƙofa ta yi shiru, Rumaisa kuma ta tafi, wa ya rage mini?"

"Baba, shagona na bayan layin nan. Ɗakin da na kama ma nan ne. Ko tari kuka yi za mu ji."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Da aka fito da amarya, Rumaisa ta riƙe ƙofar tana kuka, ta ƙi saki. Mahaifinta ne ya zo ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Tafi, uwata. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zuriya ɗayyiba. Shekara huɗu ina yi wa wadda ba za ta dawo ba sannu da zuwa. Daga gobe ke zan riƙa yi wa."