Babban Yatsan Kamilu

Na san Kamilu tun yana tura tsohon babur a cikin Kankia. Ma'aikaci ne a wani ofishin biyan fansho da ba zan kama sunansa ba. Albashinsa bai taka kara ya karya ba, amma idonsa kullum yana kan gidajen manya. Dabararsa ƙazama ce. Idan tsohon ma'aikaci ya rasu a ƙauye, dangi ba su san ana kai rahoto ba, sai Kamilu ya bar sunan a raye, kuɗin yana gangarowa aljihunsa.

Ana nan sai majalisa ta ɗauko wani ƙudiri. Kullum a rediyo ana ta ja-in-ja. Wasu na cewa dole kowa ya dangwala yatsa a na'ura kafin a sakar masa fansho ko kuɗin banki, a kuma ba masu binciken rashawa ikon rufe asusu nan take. Wasu na cewa tsofaffi ne za su sha wuya. Tun ba a gama muhawarar ba, ofishin su Kamilu ya sayo na'urar. Asirinsa ya kusa tonuwa, don matattu ba sa dangwala yatsa.

Maimakon ya tuba, sai ya nufi wurin Gajere, wani boka da ke zaune a kufai bayan ƙauyen Ƙofa, a ƙasar Kusada. Gajere ba ya aiki sai rana tsaka, lokacin da ko akuya ta nemi inuwa. Ɗakin tsafinsa tsohon rumbu ne da aka fasa wa ciki, sai da rarrafe ake shiga. Ciki duhu ne da ƙarnin jinin da ya kwana. Ga ƙahoni cushe da gashi, ga baƙar tukunya a kife, korayen ƙudaje sun lulluɓe ta. A bango an rataye yankunan farin ƙyalle da ƙasa ta rina. Kamilu ya gane likkafani ne, bai juya ba.

"Mi ke tahe da kai?" in ji Gajere.

"Baba, so nike in na aza yatsana ga na'ura, ta amshe shi a madadin wanda na kira sunanshi."

"Mai rai ko matacce?"

"Matacce."

Gajere ya ce, "Ana yi. Amma hwa mamaci bai ba da aron yatsa a banza. Shi ma za ya biɗi masauki wurinka."

"Ko gida ne sai in gina mashi."

"Ka aminta ke nan?"

"Na aminta."

Bai tambayi wane irin masauki ba. Abin da ke ba ni haushi da shi ke nan har yau, mutumin da ke bin takardar gwamnati layi-layi don neman kafar sata.

Gajere ya sa shi ya ɗebo ƙasar kabarin Malam Ashiru, tsohon malamin firamare na Kunduru, wanda ya yanke jiki ya faɗi a layin fansho, bai sake tashi ba. Ya kwaɓa ƙasar da jinin baƙin bunsuru, ya tsaga babban yatsan Kamilu ya cusa, ya naɗe da likkafani, sannan ya tura hannun ƙarƙashin tukunyar. Kamilu ya ji wani hannu mai sanyi ya kama yatsan ya matsa, kamar mai gaisuwa.

Aiki ya ci. Duk mamacin da ya ambata a zuci, na'ura sai ta amsa. Ya bi ƙauyuka yana tsintar sunayen matattu, daga Tafashiya har Kusada. Ya gina bene, ya sayi motoci, aka koma kiransa Alhaji. Idan ya shiga banki, manaja Madam Folasade da kanta take miƙewa ta tarbe shi.

Wata safiya matarsa Kubura ta jawo benci ƙofar gida, ta zauna cikin rana, hannuwa bisa gwiwa. Da aka yi mata magana sai ta amsa da muryar tsoho: "An fara kiran suna?" Ta ƙi ci, ta ƙi sha. Aka ɗauke ta da ƙarfi, ta rarrafo ta dawo, tana cewa idan ta tashi wani zai shige mata layi. Aka yi rubutu, aka yi asibiti, a banza. A kan bencin ta cika.

Ba a share makoki ba, Shamsiyya, 'yarsa tilo, mai karatun jinya, ta zauna daidai inda uwarta ta zauna. Ta dubi ubanta ba ta san shi ba. "Yaro," ta ce, "duba mani sunan Ashiru Kunduru. Na ƙare ƙuruciyata da alli a hannu."

Kamilu ya faɗa mota ya koma kufai, ya shiga rumbun yana kuka.

"Baba, ɗiyata. Ita kaɗai ta rage mani. Ka amshe komi."

"Ni mi zan yi da shi?" in ji Gajere. "Masaukin ke nan. Kai ka kira matattun nan, kuma ba su tashi sai an biya su. Ka kai ma magadan kowa haƙƙinshi da hannunka. Ka yi sauri kau, yarinya ba ta kai uwarta ƙarfi ba."

Kamilu ya nufi banki a guje. A makon ne ƙudirin ya zama doka. Madam Folasade ta ce, "Alhaji, yanzu sai ka sa yatsa." Ya sa. Hoton Malam Ashiru ya fito. Ya sake, wani mamacin ya fito. Ya riƙa kiran sunan kansa da ƙarfi, na'ura tana kawo fuskokin tsofaffi ɗaya bayan ɗaya. Ya gwada sauran yatsun, duk sun shafe sumul, babu zane ko ɗaya.

Ya zube a gabanta. "Madam, ba ci zan yi ba. Wallahi maidawa zan yi."

Ta yi ƙwalla, amma doka ta ɗaure ta. Ta rufe asusun, ta sanar da masu bincike. Kafin ya nemi mai sayen bene ko mota, an hana taɓa komai nasa.

Ya iske Shamsiyya a kan benci, leɓɓanta sun tsattsage. Ta ɗago da ƙyar. "An kira ni?"

Ya durƙusa ya riƙe ƙafafunta. "An kira ka, Malam. An biya. Tashi ka tahi gida."

"Ƙarya kake, yaro," ta ce. "Haka kuka ce mani bara."

Kafin la'asar ta rasu. Da masu bincike suka iso, sun same shi yana tauna babban yatsansa har ƙashi, ba ya gane kowa. Har yau bai dawo hayyacinsa ba.

Kai da ke zaune bayan tebur, haƙƙin tsoho na hannunka, ka ji tsoron Allah. Majalisa ta yi dokarta ko ta fasa, mai haƙƙi zai zo karɓa, kuma ba kai za ka zaɓi abin da zai ɗauka ba.