Mawaƙi a Ɗakin Tsimi

Chinatsu na zuba wa mahaifinta shayi, domin yau Gaku Moriwaki ya zo neman aurenta. Mawaƙin rok ne da duk Japan ta sani, shi ke rubuta waƙoƙinsa, in ya rataya jita ya hau dandali sai dubban mutane su amsa masa. Amma ga shi durƙushe gaban tsoho Obata, mahaifin nata, kamar ɗan firamare.

"Kai ne mai ihun nan a rediyo?" in ji tsohon.

"Ni ne, Baba."

"Shekara ɗari biyu gidan nan na tsima shoyu, ruwan ɗanɗanon miya na waken soya. 'Ya ɗaya gare ni, mijinta ne magajina. Ka yi mini sanyin bana a ɗakin tsimi, sannan mu yi magana. Kuma ba kai ba cin natto."

Duk ɗan sana'a ya san dalili. Ƙwayar wannan daddawar wake mai yauƙi in ta bi jikin mutum ta shiga ɗakin, ta lalata komai.

Gaku ya soke wasanninsa, ya ɗaure gashi, ya duƙufa juya wake har yatsunsa suka farfashe. Wasa ɗaya ne bai soku ba, na birnin Sendai. Washegari yana karyawa da abokan kiɗansa ana raha, ya kwaɓa natto a kan shinkafa kamar yadda ya saba tun yana yaro. Ko a ransa! Ya hau jirgi ya dawo, ya zarce ɗakin tsimi.

Kwana uku sai waken ya yi yauƙi yana wari. Tsoho ya daɗe yana kallonsa, ya ce a hankali, "Hancina ya mutu. Tsufa ya zo, gara in rufe gidan."

A nan Gaku ya tuna da natton da ya ci. Ya ja Chinatsu bayan gida ya faɗa mata.

"Ka rufa mana asiri, Gaku," ta ce tana hawaye. "Kuskure ne — ba wanda ya sani. In ya ji, mun rabu ke nan."

"Ni ai na sani. Ya zan aure ki, in bar babanki yana zargin kansa da laifina?"

Ya shiga ya sa goshi a tabarma ya faɗi komai. Tsohon bai ɗaga murya ba. "Tashi ka bar mini gida," kawai ya ce.

Gaskiya na tausaya wa yaran nan. Gaku ya koma waƙa, kewa ta sa ya rubuta waƙoƙin da suka fi na da daɗi, sunansa ya ƙara tashi. Amma duk shigowar sanyi sai ga shi a tsakar gidan Obata yana wanke gangunan tsimi da ruwa mai ƙanƙara, ba wanda ya ce masa sannu. Chinatsu kuwa ba ta gudu ta bi shi ba, ba ta kuma taɓa ɗaure wa mahaifinta fuska ba. Masu nema suka zo, ta sallame su cikin ladabi.

A sanyi na uku, wata safiya, ƙofar ɗakin tsimi ta buɗe. Tsoho ya leƙo dogare da sanda.

"Kai mawaƙi, zo. Hannuna ya daina jin ɗumin wake. Taɓa ka faɗa mini."

Gaku ya yi turus. "Ni, Baba?"

"Wa kuma? Kai dai na san ba za ka yi mini ƙarya ba. Shigo, ɗana."

Chinatsu ta toshe baki da gefen riga tana kuka, na daɗi wannan karon. Da bazara aka ɗaura musu aure.

To samari da 'yan mata, da Gaku ya yi shiru, da ya samu mata da wuri, ya zauna da ƙarya a ƙirji har tsufa. Ya faɗi gaskiya, ya yi haƙuri, ya samu mata, ya kuma samu uba.